Burin malami na shekara bai kamata ya zama jerin sunayen manhajoji ba

A farkon wannan shekarar karatu wata abokiyar aiki ta nuna mini fom ɗin da aka raba wa malaman makarantarsu, inda kowa zai rubuta abin da yake so ya cimma wajen ƙara ƙwarewa a aikinsa kafin shekara ta ƙare. A gurbin fasahar zamani ta rubuta abu uku: za ta koyi sababbin manhajoji biyar, za ta halarci tarurrukan bita ta intanet, kuma za ta nemi takardar shaidar ƙwarewa daga ɗaya daga cikin manyan kamfanonin fasaha. Shugaban makarantar ya sa hannu, har ya yaba mata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin layukan nan uku ba a ambaci ɗalibi ba, ba a ambaci darasi ba, kuma babu sunan wani mutum da zai shiga ajinta ya ga ko wani abu ya canza.

Ra'ayina shi ne, burin da malami zai ɗaukar wa kansa a fannin fasahar koyarwa ya kamata ya fara da matsala guda ɗaya da ɗalibansa ke fama da ita, sannan na'ura ko manhaja ta biyo baya a matsayin abin aiki, kuma a haɗa shi da mai horarwa wanda zai riƙa shiga ajinsa yana kallo suna tattaunawa. Burin da ya rasa waɗannan abubuwa biyu, wato matsalar ɗalibi da idon wani ƙwararre, cike fom ne kawai, ko da an rubuta shi da kyakkyawar niyya.

Alkawarin na'ura tsoho ne

Tun a 1913 Thomas Edison ya yi hasashen cewa ba da daɗewa ba hotunan majigi za su sa a daina amfani da littattafai a makarantu. Bayan majigi aka ɗora irin wannan fata a kan rediyo, sai talabijin, sai kwamfuta, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira. Kowanne ya samu gurbinsa a aji, amma babu wanda ya gyara koyarwa shi kaɗai.

Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta ɗaya. Da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka auna sakamakon a makarantu 319 na karkara, sun ba da rahoto a 2012 cewa bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa kwamfutar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ɗaga ba. A 2015 ƙungiyar OECD, wadda mafi yawan membobinta ƙasashe ne masu ƙarfin tattalin arziki, ta fitar da rahoton da ya nuna cewa ƙasashen da suka zuba kuɗi mai yawa a kan kwamfutocin makaranta ba su ga wani ci gaba na a zo a gani ba a karatu ko lissafi ko kimiyya, kuma ɗaliban da suke yawan amfani da kwamfuta a makaranta sun fi masu amfani da ita daidai misali raunin sakamako.

Ba na kawo waɗannan don in ce a watsar da na'urori. Na kawo su ne domin su nuna cewa shigar na'ura aji ba ta da ma'ana sai an san aikin da malami zai sa ta. Akwai kuma wani dalili da ya sa gina burin shekara a kan sunan manhaja ke da rauni: rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ce kayayyakin fasahar koyarwa kan canza duk bayan wata 36 a matsakaicin lissafi. Malamar da ta ƙare shekararta tana haddace wuraren latsawa a manhajoji biyar za ta iya wayar gari bayan shekara uku ta tarar an sauya fasalin biyu, an rufe ɗaya, an sa wa ɗaya kuɗi.

Yadda buri mai amfani yake

A ɗauki malamin lissafi wanda ya lura cewa duk shekara ɗalibansa da yawa, idan aka ce su haɗa 1/2 da 1/3, sai su rubuta 2/5, domin suna haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ya san kuskuren, amma yakan gano shi ne a jarrabawar ƙarshen zango, lokacin da an riga an wuce babin da makonni, an gina wasu darussa a kan tubalin toka.

Burinsa na iya zama kamar haka: a wannan zangon zan riƙa sanin waɗanda ba su gane darasi ba kafin su fita daga aji, kuma zan gyara darasin gobe bisa abin da na gani. Daga nan ne tambayar na'ura take tasowa. Yana iya shirya tambayoyi uku a manhajar da ke tattara amsoshi nan take ta nuna masa cewa mutum goma sha ɗaya sun zaɓi 2/5. Zai tsara tambayoyin ta yadda kowace amsa mara daidai za ta fallasa wani irin kuskuren tunani, wanda shi ne ainihin ƙwarewar da ake nema, kuma manhajar ba za ta yi masa ita ba. Idan ranar babu intanet, ya yi amfani da ƙananan takardu. Burin yana nan daram, domin ba a jingina shi da na'urar ba.

Masana biyu a jami'ar jihar Michigan, Punya Mishra da Matthew Koehler, sun yi bayanin wannan a 2006, inda suka ɗora a kan aikin Lee Shulman na 1986. Abin da suka ce a taƙaice shi ne, sanin darasi daban, sanin dabarar koyarwa daban, sanin na'ura daban, kuma malamin da ya ƙware shi ne wanda ya san inda ukun suke haɗuwa a kan takamaiman batu. Yawancin tarurrukan bitar da ake kira na fasaha suna koyar da na ukun ne kawai, a tara malamin lissafi da na tarihi da na 'yan aji ɗaya a ɗaki guda ana nuna musu yadda ake buɗe asusu.

Dalilin da ya sa sai da mai horarwa

Nan ne na fi so in tsaya, domin nan ne fom ɗin burin shekara ya fi yin shiru.

Ba wanda ya koyi tuƙin mota ta hanyar sauraron lacca; sai wani ya zauna a gefensa yana cewa taka burki, duba madubi. Bruce Joyce da Beverly Showers sun shafe shekarun 1980 suna nazarin abin da ke faruwa bayan malamai sun dawo daga horo, suka gano cewa ko an yi musu bayani, an gwada musu, sun kuma gwada da kansu a wurin taron, kaɗan ne ƙwarai suke aiwatar da sabuwar dabarar a azuzuwansu. Idan kuwa aka haɗa da wanda zai bi su aji yana taimaka musu, mafi yawansu suna aiwatarwa.

Dalilin ba lalaci ba ne. Ranar farko da malami ya gwada sabon abu, darasin yakan fi na jiya muni. Yara uku sun manta kalmar sirrinsu, majigin ya ƙi haɗuwa da kwamfuta, minti goma sun tafi, ajin ya ɗauki surutu. Malamin da yake shi kaɗai zai yanke hukunci cewa abin ba ya aiki, ya koma wa allo da alli, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda ke da mai horarwa zai samu wanda zai ce masa matsalar a minti goman farko take, a rubuta kalmomin sirrin a kati, a sake gwadawa ranar Alhamis.

Akwai kuma abin da malami ba zai taɓa gani a kansa ba. Mary Budd Rowe ta nuna tun a 1972 cewa malamai kan jira kimanin sakan ɗaya ne kawai bayan sun yi tambaya kafin su ba da amsa da kansu ko su nuna wani ɗalibin, kuma idan suka tsawaita jiran zuwa sakan uku ko fiye, amsoshin ɗalibai suna yin tsawo, waɗanda ba sa magana ma suna fara sa baki. Ka tambayi kowane malami, zai rantse maka yana jira. A nan ne na ga fasaha ta fi yi wa ƙwarewar malami amfani, kuma da abu mafi sauƙi: a jingina waya a bayan aji, a ɗauki bidiyon minti goma sha biyar, su zauna su biyu su kalla. Mai horarwar ba sai ta yi dogon jawabi ba. Ta tsayar da bidiyon ta ce, "Malam, mu ƙirga tare, daga tambayar zuwa lokacin da ka amsa da kanka sakan nawa ne?" Gani ya kori ji.

Alƙaluma sun goyi bayan wannan. A 2018 Matthew Kraft da David Blazar da Dylan Hogan sun tattara sakamakon bincike 60 kan irin wannan horo na bin malami aji, suka samu cewa yana inganta yadda malamai ke koyarwa sosai, kuma yana ɗaga sakamakon ɗalibai, duk da cewa ɗagawar ba ta kai girman ta farkon ba. A Afirka ta Kudu an gwada hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa a makarantun firamare na lardin Arewa maso Yamma: wasu malamai aka kai su taron bita a wuri guda, wasu kuma aka tura musu mai horarwa kusan sau ɗaya a wata, alhali darussa da littattafan da aka ba su iri ɗaya ne. Ci gaban karatun yaran rukuni na biyu ya kai kimanin ninki biyu na rukunin farko. A gefe guda, ƙungiyar TNTP ta Amurka ta ba da rahoto a 2015 cewa manyan gundumomin ilimi uku da ta bincika suna kashe kimanin dala 18,000 a kan horon kowane malami a shekara, amma malamai uku ne kacal cikin goma suka nuna ci gaba mai ma'ana a tsawon shekarun da aka duba.

Ai sai an iya na'urar tukuna

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawo mini, kuma tana da ƙarfi. A binciken TALIS na 2018, wanda OECD ke yi kan malamai, kashi 56 cikin 100 ne kawai na malaman ƙasashen OECD suka ce an koya musu amfani da fasahar sadarwa wajen koyarwa a lokacin karatunsu na malanta, kuma kashi 43 cikin 100 ne suka ce sun ji a ransu sun shirya. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, ɗalibai kimanin biliyan 1.6 suka koma gida, malaman da ba su taɓa aika aiki ta intanet ba sun sha wahala, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka na yarda akwai matakin farko da kowane malami yake buƙata: ya iya adana fayil, ya iya shirya tambayoyi, ya san yadda zai kare bayanan ɗalibansa.

Sai dai wannan mataki aikin 'yan makonni ne, kuma haƙƙin makaranta ne ta tabbatar kowa ya same shi, kamar yadda take nuna wa sabon malami yadda ake cike rajista. Bai kai a kira shi burin shekara ba. Abin da na lura kuma shi ne, mutum ya fi saurin koyon manhaja idan yana da aikin da zai yi da ita gobe da safe. Malamin lissafin can zai iya manhajar tambayoyin cikin kwana biyu, domin yana da tambayoyi uku da yake son ya ga amsarsu.

Mai horarwa ko ɗan leƙen asiri

Malamai da yawa ba sa son wani ya shiga ajinsu, kuma suna da dalili. Abin da suka saba gani shi ne sufeto ya zauna a baya da takarda, ya ba da maki, makin kuma ya shiga fayil ɗin ƙarin girma. A irin wannan yanayi ba wanda zai nuna rauninsa. Za a fito da darasin da aka fi iyawa, a goge majigin da aka yi wata biyu ba a kunna ba, baƙo ya tafi, a koma yadda aka saba.

A ganina, matuƙar mutum ɗaya ne ke horarwa kuma yake ba da makin da albashi ya dogara da shi, to horon ya mutu. Dole a raba ayyukan biyu, kuma a rubuta a fili cewa abin da mai horarwa ya gani ba ya zuwa ofishin shugaban makaranta, bidiyon da aka ɗauka mallakin malamin ne, shi ke da ikon goge shi, kuma ba a ɗora shi a ko'ina, domin akwai fuskokin yara a ciki. Malamin ne kuma zai zaɓi abin da za a kalla. Wanda aka tilasta wa buri zai cika sharuɗɗansa a takarda ne kawai.

Gogaggun malamai kan ce sun wuce wannan matakin. Amma shekara ashirin a aji ba ta sa mutum ya ga bayan kansa, kuma sau da yawa su ne suka fi cin riba, domin sun riga sun san inda ɗalibai ke tuntuɓe, abin aiki kawai suke nema.

Kuɗi da lokaci

Wannan hujjar ba ni da cikakkiyar amsarta da za ta gamsar da kowa. Horo na mutum da mutum yana da tsada, kuma su Kraft da kansu sun nuna cewa amfaninsa yana raguwa idan shirin ya faɗaɗa zuwa malamai da yawa, domin samun ƙwararrun masu horarwa yana da wuya, kuma ziyarar takan zama jefi-jefi. Mai horarwa ɗaya da aka ɗora wa malamai tamanin ya zama mai rarraba takardu.

Duk da haka an ga wuraren da aka yi shi da faɗi. Kenya ta fara shirin karatu na Tusome a 2015 a makarantun firamare na gwamnati a faɗin ƙasar, inda jami'an da ke ziyartar azuzuwa suke riƙe da kwamfutar hannu wadda ke ja musu gora kan abin da za su duba da abin da za su tattauna da malami bayan darasi. Wato an sa na'urar a hannun mai horarwa ne. A Japan kuwa malamai sun daɗe da al'adar tsara darasi tare, ɗaya ya koyar sauran su kalla, su zauna su tattauna abin da ɗalibai suka yi. Malamai biyu da ke koyar da darasi ɗaya za su iya yi wa juna wannan, idan jadawali ya ba su sa'a ɗaya a mako da ba sa cikin aji a lokaci guda. Sa'ar nan ita ce ainihin kuɗin, kuma makarantar da ta iya biyan lasisin manhajoji tana iya samo ta. Rahoton UNESCO ɗin nan na 2023 ya ambaci cewa a Amurka kimanin kashi 67 cikin 100 na lasisin manhajojin ilimi da aka saya ba a amfani da su.

Wasu na ganin horo daga nesa, ta waya ko bidiyo, zai magance tsadar. Yana taimakawa, amma a gwaji na biyu da aka yi a Afirka ta Kudu, a lardin Mpumalanga, wanda ke zuwa aji da ƙafarsa ya fi na nesa tasiri bayan shekara uku. Ban yi mamaki ba, domin mai horarwa na nesa yana ganin abin da aka ga damar aika masa ne kawai.

Takardar shaida da ƙirƙirarriyar basira

Ba na raina takardun shaidar da kamfanoni ke bayarwa, musamman ga malamin da tsarin ƙarin girma ya tilasta masa tara takardu. Ya nema, ya ajiye. Amma ya sani cewa takardar tana shaida ya iya kayan kamfanin ne, kuma kamfanin yana da riba idan malamai suka saba da kayansa. Gyaran yana wuyan hukumomin da ke karɓar takarda a madadin shaidar aiki. Da za su karɓi aikin ɗalibai na farkon zango da na ƙarshensa, tare da bayanin malami kan abin da ya canza a tsakani, da fom ɗin burin shekara ya sauya kamanni cikin shekara guda.

Tun da aka saki ChatGPT a watan Nuwamban 2022, sabon layi ya shiga irin waɗannan fom: zan koyi amfani da ƙirƙirarriyar basira. Wannan ma yana buƙatar tambaya ɗaya, wato a kan wace matsala. Malamar harshe mai ɗalibai da yawa za ta iya cewa tana so kowane ɗalibi ya samu gyaran rubutunsa cikin kwana uku maimakon mako uku, ta gwada ko na'urar za ta rage mata aikin zagayen farko. Sannan ta zauna da mai horar da ita su ɗauki rubutu goma, su kwatanta gyaran na'urar da nata, su ga inda ta yi kuskure da inda ta yabi abin da bai cancanci yabo ba, su kuma duba ko ɗaliban sun yi amfani da gyaran a rubutu na gaba. Kafin duk wannan, sai makaranta ta fayyace mata ko an yarda a saka rubutun yara a irin waɗannan manhajoji, kuma a cire sunayensu kafin a saka.